Makullin Da Ke Yawo Tsakanin Wayarka Da Kwamfutarka: Amanar Wa Ce A Ciki?



Akwai wata dabara da masu ilimin kwamfuta suke yi, kuma matasanmu sun fara tambaya a kanta. Mutum yana da waya, yana da kwamfutar ofis, yana da ta gida, ya gaji da rubuta kalmar sirri a kowacce. Sai ya liƙa wa burauzarsa wata ƙaramar manhaja, ita kuma ta riƙa kwashe abin da ake kira kukis daga wannan na'ura, ta kulle su, ta aika su wata uwar garke da shi da kansa ya kafa, daga can sauran na'urorinsa su ɗauko. Ya shiga shafi sau ɗaya a nan, ya tarar da shi a buɗe a can. Masu tambaya so suke a ce halal ko a ce haram, a wuce wurin. To, asalin irin waɗannan kayan aiki halacci ne, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ke ƙarƙashin wannan: abin da ake kwashewar nan, na wane ne? Kuma in ya zube, wa za a tambaya?

Bari mu fara fahimtar abin kansa, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san kamanninsa ba.

Tsarin da shafukan intanet suke magana da burauza, a asalinsa, ba ya tuna kowa. Duk sanda ka danna wani abu, shafin yana kallonka kamar baƙon da bai taɓa gani ba. A shekarar 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, ya fito da mafita: shafi ya ba burauzarka ɗan guntun rubutu, ita kuma ta riƙa nuna masa shi duk lokacin da ta dawo. Wannan guntun rubutu shi ne kuki. Akwai waɗanda 'yan talla suke bin sawun mutane da su, ba su ne maganarmu ta yau ba. Ina magana ne a kan wanda ake ba ka bayan ka rubuta kalmar sirri, ka sa lambar da aka turo maka a waya, shafi ya gamsu cewa kai ne.

Ka san mai ajiyar babura a bakin kasuwa. Ka kawo babur ɗinka, ya ba ka ɗan kati mai lamba. In ka dawo ba ya tambayar sunan mahaifinka, katin yake dubawa. Idan katin ya faɗi wani ya tsinta ya zo da shi, a ƙa'ida shi ne mai babur. Har gara mai ajiyar babur, shi mutum ne, yana iya cewa kai, ba wannan fuskar ce ta kawo shi ba. Shafuka da yawa ba su da wannan idon. Wanda ya zo da kukin, shi ne kai. Ba za a tambaye shi kalmar sirri ba, ba za a turo masa lamba ta biyu ba, domin an riga an wuce waɗannan ƙofofin tun kafin a ba da katin.

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A watan Oktoba na 2010 wani mai haɗa manhajoji, Eric Butler, ya saki wani ƙari na burauzar Firefox mai suna Firesheep. Mutum ya zauna a wurin da ake da intanet na kyauta marar kulle, sai ya ga jerin mutanen da ke kusa da shi waɗanda suke kan Facebook ko Twitter, ya danna hoton wanda ya ga dama, ya zama shi. Butler ya yi haka ne don ya kunyata kamfanonin su gyara, kuma sun gyara, suka koma kulle hanyar gaba ɗaya. Sai ɓarayin suka koma kan na'urar kanta. A 2021 waɗanda suka yi wa kamfanin wasanni na Electronic Arts kutse sun shaida wa 'yan jarida cewa da dala 10 suka sayi kukin da ya shigar da su ɗakin hirar ma'aikatan kamfanin, daga nan suka yaudari masu kula da kwamfutoci, suka kwashi bayanai na ɗaruruwan gigabait. Dala goma fa! A watan Maris na 2023 kuma tashar YouTube ta Linus Tech Tips, mutanen da sana'arsu ke nan koyar da kwamfuta, masu mabiya sama da miliyan 15, ta faɗa hannun 'yan damfara saboda wani ma'aikaci ya buɗe fayil da ya zo da kamar tayin talla, fayil ɗin ya kwashe kukis ɗinsa. Wata guda bayan haka hukumar FBI da 'yan sandan wasu ƙasashe suka rufe wata kasuwar ɓoye mai suna Genesis Market, wadda hajarta ke nan: bayanan shiga da kukis daga kwamfutoci sama da miliyan ɗaya da rabi.

Wannan abin ne manhajar da muke magana a kanta take ɗauka daga na'ura zuwa na'ura. Ka lura, burauzar Firefox tana da nata tsarin daidaita na'urori, tana kai maka kalmomin sirri da tarihin shafukan da ka buɗe da waɗanda ka adana, amma ba ta kai kukis. Shi ya sa masu son hakan suke neman wata hanya. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki ita ce CookieCloud, wadda wani mai haɗa manhajoji ɗan ƙasar Sin ya rubuta, ya bar rubutunta a buɗe kowa yana iya dubawa. Tana da ɓangare biyu: ƙarin da ake liƙa wa burauza, da uwar garken da mutum zai kafa a kwamfutarsa ta gida ko a wadda ya yi haya. Ƙarin yana haɗa lambar shaidar mai amfani da kalmar sirrin da ya zaɓa, ya ƙera makulli daga cikinsu, ya kulle kukis ɗin da tsarin AES tun suna kan na'urar, kafin su fita. Abin da ya isa uwar garke tarkacen haruffa ne marasa ma'ana. Sai wata na'urar da ta san kalmar sirrin ce za ta mayar da su yadda suke.

Shi AES ɗin ba abin wasa ba ne. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi a 2001, kuma bankuna da gwamnatoci da shi suke aiki. Yadda yake aiki ba sirri ba ne, a rubuce yake kowa ya karanta. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa kwaɗo nagari shi ne wanda ko da maƙiyi ya san yadda aka ƙera shi, ba zai buɗe ba sai da makulli. Kuma a gefe guda, ga ɗalibanmu masu ganin wannan ilimin baƙo ne: tsohon rubutun da aka sani da ya bayyana yadda ake warware ɓoyayyen saƙo ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa, na Al-Kindi ne, a Bagadaza, a ƙarni na 9, kuma a 1987 aka gano kwafinsa a ma'ajiyar littattafai ta Istanbul.

To me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wahalar kafa uwar garke? Ni ina ganin hujjarsu, kuma ba na raina ta. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka take samun bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet. A Nuwamban 2020 jaridar Motherboard ta ba da rahoton cewa bayanan wurin da masu amfani da manhajar Muslim Pro suke, manhajar da miliyoyinmu suke duba lokacin sallah da ita, suna tafiya wurin wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Kamfanin ya musanta cewa ya sayar wa soja, ya kuma ce ya yanke hulɗa da dillalin. Wannan ba ta hanyar kukis ya faru ba, amma wanda ya ji labarin ya ce daga yau ni zan riƙe kayana, ba za a ce ya yi wauta ba. Ba a ba kura ajiyar nama.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Lavabit, wani ƙaramin kamfanin imel a Texas da Snowden yake amfani da shi. Kotu ta umarci mai shi, Ladar Levison, ya miƙa makullin da ke kare hanyar shiga ta duk masu amfani da kamfanin, mutum wajen dubu 400, alhali mutum ɗaya ake nema. Ya ja, ya ja, har ya buga makullin a takarda shafi 11 da ƙananan haruffan da da ƙyar ido yake gani, aka sa masa tarar dala 5,000 kowace rana. Daga ƙarshe ya miƙa, sannan a watan Agusta na 2013 ya rufe kamfanin gaba ɗaya, ya rasa sana'arsa ta shekara goma. Mutumin nan ya yi iya ƙoƙarinsa a kan amanar da aka ba shi. Amma ka lura da inda matsalar take: makullin yana hannunsa, shi ya sa aka iya matsa masa. Da a ce tun farko an gina abin ta yadda shi kansa ba ya iya buɗewa, da babu abin da zai miƙa.

A nan ne tambayar ta yi zurfi. Ajiyar da mai riƙon ta ba shi da ikon buɗe ta, shin har yanzu amana ce? Ai ba a kiran mutum amintacce sai in yana da ikon cin amanar ya ƙi ci. Malaman sira sun kawo cewa lokacin Hijira Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka don ya mayar wa mutane kayan da suka ba shi ajiya, mutanen da a lokacin suke neman ransa. Darajar wannan tana cikin cewa kayan suna hannunsa, babu kwaɗon da ya hana shi. Sai wani ya ce, to ashe wannan lissafin na zamani yana so ya maye gurbin halin kirki da ƙarfe, a wayi gari ba mai buƙatar ya amince da kowa, ba kuma mai samun ladan riƙon amana. Wani ma cewa zai yi kulle wa ɗan'uwanka abu munana zato ne.

Ban yarda da wannan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma waɗanda aka fara yi wa magana da ita Sahabbai ne. Ba don ana zargin su aka ce su rubuta ba. An san ɗan Adam yana mantuwa, yana mutuwa, magada su zo ba su san komai ba, wani kuma a matsa masa. Rufe ƙofar fitina rahama ce ga mai ajiya kafin ta zama kariya ga mai kaya. Wanda ka ba ambulan a liƙe ka sauƙaƙa masa, ka raba shi da waswasin leƙawa, ka raba shi da zargi in labarin ya fita ta wata hanya. Kuma amanarsa ba ta ƙare ba, ta sauya wuri ne: yanzu ita ce kada ya yar da ambulan ɗin, kada ya bar shi inda ruwa zai ci, kada ya miƙa wa wanda zai je gida ya zauna yana gwada makullai.

Wannan na ƙarshen shi ne inda masu kafa uwar garke da kansu suke yawan yaudarar kansu. Suna ganin da zarar kaya sun bar hannun babban kamfani sun dawo ɗakinsu, an gama. Tsugune ba ta ƙare ba. A 2022 aka yi wa LastPass kutse, kamfanin da aikinsa ke nan ajiye wa mutane kalmomin sirri, aka kwashe akwatunan mutane a kulle. Ta ina aka shiga? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce kwamfutar gida ta wani babban injiniyan kamfanin. Yana da manhajar Plex da ya kafa wa kansa a gida don kallon finafinai, wadda take da wata ɓaraka da masu ita suka toshe tun watan Mayun 2020, shi kuma bai sabunta tasa ba. Ta nan aka shiga, aka dasa masa abin da ke naɗe duk abin da ya rubuta. Ƙwararre ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma bangon uwar garken gida ba mai duba shi sai mai gidan. Babban kamfani yana da ma'aikatan da suke kwana a kan wannan aiki. Kai kana barci, kana tafiya, wuta tana ɗaukewa, kana mantawa wata shida ba ka sabunta komai ba. Kada a guje wa gara a faɗa gidan zago.

Sannan ƙarfin kullewar bai wuce ƙarfin kalmar sirrin ba. Wanda ya sace akwatin a kulle ba ya buƙatar ya karya AES, zama zai yi ya sa kwamfuta ta riƙa gwada kalmomi dare da rana, ba mai ce masa ka yi kuskure sau uku ka tsaya. In sunan ɗanka ka sa da shekarar haihuwarsa, ka sa kwaɗon banki ne a ƙofar kara. Kuma kullewar a hanya take da cikin uwar garke. Da zarar kukis sun sauka a na'ura, a buɗe suke. Jiya katin babur ɗinka ɗaya ne a aljihunka, yau ka buga guda huɗu, ɗaya yana cikin kwamfutar da yara suke sauke wasanni da ita. Shi kansa ƙarin da ka liƙa wa burauza ka ba shi izinin ganin kukis ɗinka, wato ka amince da wanda ya rubuta shi da duk wanda zai gaje shi. Ba ka fita daga amincewa da mutane ba, ka sauya waɗanda ka amince da su ne.

Duk wannan da sauƙi in da abin da ke ciki naka ne kai kaɗai. Mutum yana da faɗin hannu a kan abinsa, ko da yake shi ma da iyaka. Amma buɗe akwatin saƙonninka ka duba. Akwai abokin da ya rubuto maka yana neman rance, ya ce don Allah kada kowa ya ji. Akwai ƙanwarka da ta faɗa maka abin da ke tsakaninta da mijinta. Akwai hoton takardar asibitin wani, akwai lambar asusun wani, akwai maganar da wani ya yi cikin fushi ya riga ya tuba daga gare ta. Waɗannan mutane kai suka ba, ba su san uwar garkenka ba, ba a shawarce su ba ranar da ka yanke cewa sauƙin shiga ya fi maka. Kukin Facebook ɗinka ko na imel ɗinka makullin ɗaki ne da kayan mutane suke ciki.

Malaman fiƙihu sun yi wa ajiya babi guda, babin wadi'a, kuma ƙa'idarsa sananniya ce: wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi ta'addi ko ya yi sakaci. A mazhabar Malikiyya, cikin abubuwan da suke sa ya biya akwai ya ɗauki ajiyar ya kai wa wani ba tare da uzuri ba, sai dai irin matarsa da ya saba ba ta ajiya, ko tafiya ta taso masa ya kasa mayar wa mai ita, ko gidansa ya zama ba tsaro. Ba ina cewa sirri da dukiya hukuncinsu ɗaya ne ta kowace fuska ba, dukiya ana iya biyan ta, sirri in ya fita ba ya komawa. Wannan bambancin ma ƙara nauyin abin yake yi. Ma'aunin da na ɗauko daga babin shi ne: shin ka ajiye abin a inda ake ajiye irinsa? Wanda ya kafa uwar garke, yana sabunta ta, ya sa doguwar kalmar sirri, ya taƙaita na'urorin, in aka fi ƙarfinsa ba na ganin laifinsa. Wanda ya kwafi umarni daga wani bidiyo ya liƙa, bai san abin da ya buɗe wa duniya ba, ya kuma zuba imel ɗinsa da akwatin saƙonninsa a ciki, wannan sakaci ne ko da ba a taɓa yi masa sata ba. Rashin zuwan ɓarawo ba ya mayar da ƙofar da aka bari a buɗe ta zama rufaffiya.

Wannan ya fi shafar masu manyan shafuka, malamai da 'yan kasuwa da masu ƙungiyoyi, waɗanda wasu suke kula musu da shafi. Irin wannan manhaja tana da daɗi a wurinsu: maigida ya shiga sau ɗaya, yara uku su tarar da shafi a buɗe, ba sai an ba su kalmar sirri ba, sai a ga kamar an yi dabara. Alhali an ba su abin da kalmar sirrin take buɗewa. Baiwar Allah da ta rubuto wa malami tambayar da ba ta iya yi wa mahaifiyarta ba, tana zaton ido biyu ne za su gani. Kuma babu larurar yin hakan, domin Facebook yana da tsarin da ake ba mutum izinin kula da shafi da asusunsa na kansa, a iyakance masa abin da zai taɓa, a cire shi ranar da aka ga dama. In kuwa dole wasu za su riƙa karanta saƙonni, to a rubuta a fili a saman shafi, mai tambaya ya san da wa yake magana.

Akwai kuma ɗan'uwan da Allah Ya ba ilimin kwamfuta a cikin dangi, ya ce kowa ya zo ya yi amfani da uwar garkena, ai a kulle take, ni ma ba na gani. Gaskiya ne, da sharaɗi ɗaya: ba shi ya zaɓa musu kalmar sirrin ba. Mu kuwa mun san yadda ake yi. A miƙa masa waya a ce gyara mini, shi zai rubuta kalmar, shi zai tuna ta in an manta. To a wannan hali kullewar tana kare su daga kowa ban da shi. Ya koma matsayin Levison, makulli a hannu, sai dai shi ba kotu ce za ta matsa masa ba, zuciyarsa ce, ranar da aka yi saɓani a gida. In yana son kansa da lafiya ya juya baya su rubuta da hannunsu. Ko a haka ma yana ganin wasu abubuwa, kamar lokacin da na'urar kowa ta yi magana da uwar garken da adireshin intanet ɗin da ta zo da shi, kuma wannan ma ba abin ba da labari ba ne.

Shi kuwa wanda zai ɗauki wannan manhaja ya dasa ta a kwamfutar matarsa, ko mace a ta mijinta, ko maigida a ta ma'aikacinsa, a ɓoye, don kukis ɗinsu su riƙa zuwa masa, wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma aure bai cire kowa daga cikinta ba. Ɗan'uwan abin nan ne da ake yi na ɗaukar wayar mutum yana wanka a haɗa WhatsApp ɗinsa da wata na'ura. Har ya fi leƙe muni, domin mai kukin ba karatu kawai yake iya yi ba, yana iya rubutu da sunan mai shi, ya aika saƙo, ya goge saƙo, ya ƙulla magana da bakin da ba nasa ba, mai asusun kuma ba shi da hanyar da zai rantse a yarda. Uba da ƙaramin yaronsa wannan daban ne, kulawa ce da ta hau kansa, amma ita ma a yi ta da sanin yaron. Masu raba kukin shafin da ake biyan kuɗi don mutum goma su shiga da kuɗin mutum ɗaya kuwa, su koma su karanta sharaɗin da suka danna suka ce sun yarda.

Kamfanonin ma ba su zauna ba. A watan Afrilu na 2024 Google ya sanar da wani tsari da yake ginawa a burauzar Chrome wanda zai ɗaure zaman mutum a shafi da na'urar da ya shiga da ita, ta hanyar makullin da ke cikin wani guntun ƙarfe na kwamfutar wanda ba a iya kwafe shi. Wato mai ajiyar babur zai fara duba fuska. In shafuka suka karɓi wannan, kukin da aka sace zai mutu a hannun ɓarawo cikin ɗan lokaci, amma haka zai mutu a hannun mai shi in ya kai shi wata na'urar, domin shafi ba ya iya bambanta hannun da ya kwafa. Masu son 'yancin sarrafa kayansu za su ji haushi, kuma na fahimce su. Ni dai a kan imel da banki da akwatin saƙonni, ina tare da ɗaurewar. Minti ɗaya na rubuta kalmar sirri bai kai nauyin asirin mutum ɗaya da ya ba ni ajiya ba.

Wanda duk da haka yake da buƙatar wannan manhaja, tana ba da damar a zaɓi shafukan da za a riƙa kwashe wa kukis, ba sai an kwashe duka ba. Ya zaɓi waɗanda babu kowa a cikinsu sai shi, ya bar sauran. Kuma ya san wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in waya ta ɓace, ko an rabu da wanda ake aiki tare, sauya kalmar sirrin manhajar ba ya dawo da kukis ɗin da suka riga suka sauka a wancan hannun. Suna nan da ransu har sai shafin da ya ba da su ya kashe su. Sai ka shiga kowane shafi ɗaya bayan ɗaya, ka je wurin saitin tsaro, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, sannan ka sauya kalmar sirrin shafin kansa.

Allah Ya rufa mana asiri.